Kada Ya Tashi

Tunda Malam Abdulmuhaimin ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar Yari a ƙofar gidansa, abinci ya daina wucewa a maƙogwaron 'yarsa Munira.

Ita ba ta ga abin da ya faru a zauren ba. Innarta ce ta kawo mata labarin. Malam ya aika a kira Yari don ya ji ranar da magabatansa za su zo daga Argungu, tunda shekara ta zagayo yana zuwa zance. Yari ya zo, ya durƙusa. Amma maimakon ya sunkuyar da kai kamar kowane ɗan mutunci a gaban wanda zai zama surukinsa, sai ya kafe Malam da ido ƙur, ko ƙiftawa ba ya yi. Amsarsa kuwa da ƙarfi, kamar mai kiran jirgin fito daga ƙetaren gulbi. Da ya tashi tafiya, Malam ya kira shi daga baya, ya sake kira, har ya ɗaga murya, abin da ɗalibansa ba su taɓa ji ba. Yari ya zura takalmi, ya hau babur ya yi gaba.

"Mutumen da ko limamai ba su kallon ƙwayar idonai," in ji Inna, "shi ne mai gyaran injin ban-ruwa za shi tsare da ido? Ke ma ki auna, Munira."

Munira ta kira wayarsa har kunnenta ya yi zafi. Ba ya ɗauka. Sai can ya turo kalma biyu, "Ina lahiya." Shi ke nan. Yarin da a da sai ta ce masa cajin wayarta ya ƙare kafin ya bar ta ta huta.

Ana cikin haka Alhaji Hodi ya dawo da maganarsa ta neman auren Munira. Hodi ɗan aminin Malam ne, yana da injin casar shinkafa a hanyar Ambursa, kuma bai taɓa fid da rai ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar Malam ya kira ta ɗakin littattafansa.

"Munira, ke ba yarinya ba ce. Kin yi karatu, kina koyarwa. Ban yi ma yayyenki tilas ba, ba ni yi miki. Wancan yaron ya nuna muna halinai. Ga Hodi shina nema. Mi kika ce?"

Kanta na ƙasa, bakin hijabinta na kan leɓenta, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. A gidan nan mace ba ta ɗaga murya, balle a gaban Malam. Maganar ta taso mata har wuya, ta tsaya. Me za ta ce? Ta ce tana son wanda ya wulaƙanta ubanta, wanda ko wayarta ba ya ɗauka? Hawaye suka zubo. Malam ya jira, ya jira.

"To, madalla. Tashi ki tahi."

Ta tashi ta fita, ba ta ce komai ba.

Wadda ta kasa haƙuri ita ce Gwaggo Laure, ƙanwar Malam, mai sayar da shinkafa a kasuwa, wadda bakinta bai san tsoron kowa ba.

"Kin zauna kina ramewa awa kazar da aka ɗaure," ta ce mata. "Ni yaron nan ya gyara mini inji a Zauro, sai da niy yi rantsuwa kahin shi karɓi ko ruwan sha. Wanga ba halinai ba ne. Gobe akwai suna a Gulma, za ki raka ni. In mota ta tsaya Argungu, ba laihinmu ba ne."

Motar kuwa ta tsaya Argungu.

Sun sami Yari a bayan gidansu, ƙarƙashin wata giginya, yana fuskantar gulbi. Ya rame, gemu ya tsiro masa barkatai. Laure ta yi sallama. Bai juyo ba. Ta ƙara da ƙarfi. Ko motsi. Sai da inuwar Munira ta faɗo a gabansa ya zabura ya miƙe, a lokacin ta ga audugar da ke cushe a kunnensa na dama, ta jiƙe da mai.

Mahaifiyarsa, Iya Hamida, ta fito da tabarma tana share ido.

"Kada ku wahal da kanku, ba shi ji. Safiya guda yat tashi yac ce mini, Iya, an kashe rediyon duniya. Kunnen hagun tun shina yaro ya lalace wurin nutso, mugunya ta ci shi. Na daman shi ne ke riƙe da shi, shi ma ga shi."

Munira ta matso. Ta zauna a gefen tabarmar.

"Tun yaushe, Iya?"

"Kahin Malam shi kira shi. Na ce kada shi tahi, ya ce ba a ƙin kiran manya."

Laure ta ja Iya Hamida suka koma bakin ƙofa, inda suna ganinsu amma ba su tsare su ba.

Munira ta fara magana, bakin hijabi a kan leɓe. Yari ya girgiza kai.

"Sauke hannunki." Muryarsa ta fito da ƙarfi, ba tare da ya sani ba. "Bakinki nika karantawa. In kika ruhe shi, kin ruhe mini duniya."

Ta sauke hannun a hankali. Tunda suke bai taɓa ganin fuskarta a sarari haka ba, ita ma ba ta taɓa barin namiji ya kalle ta haka ba.

"Don mi ka ɓoye mini?"

"Ƙara hwaɗi."

"Don mi ka ɓoye mini, Yari?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"In ce miki mi? In ce ɗiyar Malam, wadda in tana karatu mata ke kuka, ta zo ta auri kurma? Na so in warke tukun. Na tahi asibiti Birni, wata likita ta ba ni ƙwayoyi masu ƙarhi, na sha har suka ƙare. Fuskata ta kumbura, barci ya ƙaurace, kunne shina nan yadda yake. Babu abin da nika ji ciki sai ƙara, awa an kunna injin niƙa an manta da shi."

"Baba ya ɗauka raini ne."

"Na sani. Na ga leɓenai shina motsi, gemu ya ruhe rabi. Na zuba ido ko in tsinci kalma guda. Sai da nid dawo gida aka ce mini ya kira ni ban waiwaya ba." Ya dafe goshi. "Da a ce mini kurma gara a ce mini marar kunya. Marar kunya shina iya tuba."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace mata.

"Ni hwa? Ka bar ni ina tsammanin ka gaji da ni. Ka bar ni gaban Baba ba ni da abin hwaɗi. Ka zaɓar ma kanka sunan da kake so, ni wane suna ka bar mini?"

Bai kama duka ba, amma ya kama abin da ya isa. Idonsa ya kaɗa.

"Likitar mi tac ce bayan ƙwayoyin?" ta tambaya, tana rarrabe kalmomin.

Ya kau da kai. Ta matsa ta sake shiga gabansa.

"Mi tac ce?"

"Ta ce in koma a yi mini allura. Cikin kunne, Munira. A huda dodon kunne a zuba magani. Ɗan abin da yar rage shi ne za a tsokane da ƙarhe? Iya ta ce mutanen ruwa ne suka taɓa ni, a bi su da turare da mai. Ni ban san wanda zan bi ba."

"Ni za ka bi."

Ita kanta sai da ta ji mamakin yadda maganar ta fito.

Washegari da hantsi suna asibiti a Birnin Kebbi, su uku. Likitar kunnen, Dakta Foluke, Bayarabiya ce haifaffiyar garin. Uwarta na da shagon kwanuka kusa da rumfar Laure, don haka da ta gan su sai ta rusuna.

"Mama Laure, ke ce kika kamo mini ɗan gudun hijirata?"

"Ni ce. In ya sake gudu, ki ba ni allurar in yi mishi da kaina."

Likitar ta leƙa kunnen da fitila, ta ja tsaki.

"Mai. Kullum mai. Ba laihin Iya ba ne, so ne, amma a daina." Ta goge kunnen, ta juyo da kujerarta ta fuskanci Yari sosai, tana magana a hankali. "Ciwonka ba a waje yake ba. Can ciki ne, inda jijiyar ji take. Ƙwayoyin da kas sha su ne matakin hwarko, kuma ba kowa suke yi ma aiki ba. In sun ƙi, sai a kai maganin kusa da wurin, a zuba shi bayan dodon kunne. Hudar ƙarama ce, galibi tana ruhewa da kanta. Za a yi yau, a maimaita 'yan lokuta."

"Zai warke?" Munira ta tambaya.

"Ba ni yi miki alkawari. Wasu na samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ko kaɗan. Abin da nis sani shi ne, wanga ciwo ba shi jira. Makonnin hwarko su ne namu, kuma ya ƙona mini da yawa a bakin gulbi."

"In ita ma ta ƙi?"

"Akwai ɗakin iskar oksijin da ake shigar da mutum a matsa iskar, wasu na haɗa shi da maganin. Babu shi kusa da mu, kuma shi ma da wuri yake amfani. In lokaci ya wuce, sai na'urar ji da ake maƙalawa. In ita ma ba ta isa ba, akwai wadda ake dasawa da tiyata, a manyan asibitoci. Hanya ba ta ƙare ba, sai dai kowace ta hi ta bayanta nisa."

Yari ya dubi likitar, ya dubi Munira.

"Mi tac ce?"

"Ta ce ka kwanta."

Laure ta tuntsire da dariya. Shi ma sai da ya murmusa.

Kafin ta fara, likitar ta ɗaga yatsa a gaban idonsa.

"Ka kalle ni da kyau. In na zuba, za ka kwanta rabin awa, kunnen shina sama. Ba magana. Ba tashi. Ko yawu ka daure kada ka yi ta haɗiya. Akwai 'yar hanya daga kunne zuwa maƙogwaro. In ka motsa ta, maganin ya zurare, mun yi aikin banza. Ka gane?"

Ya gyaɗa kai.

Munira ta juya baya lokacin da siririyar allurar ta doshi kunnensa. Ta ji ya ja numfashi, ta ji ƙarfen gadon ya yi ƙara a hannunsa. Shi ke nan. Likitar ta gyara masa kai, ta dubi agogo, ta ce za ta leƙa wani majinyaci a ɗaki na gaba.

Ɗakin ya yi tsit. Yari na kwance a karkace, idonsa a kan Munira, ita kuma ta bar fuskarta a buɗe don ya samu abin kallo. Laure na jan carbi a bakin ƙofa.

Ba a jima ba carbin ya tsaya.

"Munira," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ga Malam."

Kafin ta miƙe labule ya ɗaga. Malam Abdulmuhaimin ne, da farar alkyabbarsa da sandarsa. A bayansa Alhaji Hodi, yana juya makullin mota a yatsa.

"Na hwaɗa maka, Malam," in ji Hodi. "Na zo duba direbana nig gan su. Sunan Gulma ya yi nisa, har ya kawo asibiti."

"Kai kuma aikin da kas samu ke nan?" in ji Laure. "Shinkafa ta ƙare, an koma casar mutane?"

"Laure." Kalma ɗaya Malam ya faɗa, ta yi shiru.

Ya tako har gaban gadon. Ya yi sallama.

Yari ya gan shi. Munira ta ga yadda gwiwar hannunsa ta fara neman katifa. Duk abin da aka koya masa tun yana yaro yana ce masa ya diro ƙasa ya durƙusa. Ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

"Na yi sallama," in ji Malam. Muryarsa a kwance. "A zaurena ka tsare ni da ido. Yau na zo da ƙahwata, kana kwance kana kallona. Tashi."

Wannan kalmar gajeriya ce, gemu bai ɓoye ta ba. Yari ya karanta ta. Ya fara ɗago kai.

"Kada ya tashi!"

Muryar ta cika ɗakin, ta fita har baranda. Wata nas da ke wucewa ta tsaya. Munira ba ta san lokacin da ta shiga tsakanin mahaifinta da gadon ba, tafin hannunta a buɗe a saitin fuskar Yari, tana yi masa alamar ya koma. Ya koma.

Malam ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ni kike ɗaga ma murya?"

Ta zube a kan gwiwoyinta, amma ba ta rufe bakinta ba.

"Ka gahwarce ni, Baba. Ba shi ji. Tun kahin ka kira shi kunnenai ya mutu. Kallon da yay yi maka, leɓenka yake karantawa. Kiran da kay yi, bai ji ba. Yanzu an zuba mishi magani cikin kunne, in ya tashi ko ya amsa maka, ya zube. Kuma lokaci ya kusa ƙure mishi."

Dakta Foluke ta shigo da sauri, ta tsaya ganin mai alkyabba. Ta rusuna.

"Gaskiya ta hwaɗa, Malam. Ni na hana shi. In akwai laihi, nawa ne."

Malam ya daɗe a tsaye. Ya dubi audugar da ke cikin kwano, ya dubi yaron da hawaye ke gangaro masa ta kan karan hanci yana ɗiga a matashi, ba shi da ikon ko sharewa. Sai ya jingina sandarsa da bango. Ya tattare alkyabba. A gaban Hodi, a gaban nas, mutumin da ake durƙusa wa ya durƙusa, har fuskarsa ta zo daidai da ta Yari. Ya sa hannu ya kawar da gashin baki daga leɓensa.

"Kwanta," ya ce a hankali. "Na zalunce ka. Ka yahe mini."

Yari ya runtse ido, ya buɗe.

Zuciyar Munira ta fara sauka. Amma Malam bai tashi ba, kuma fuskarsa ba ta saki ba. Yana nan a durƙushe ya juyo da ido wajenta.

"Kin makara, ɗiyata. Ran Laraba na tambaye ki, kika yi shiru. Kin karanta a gabana abin da shirun budurwa ke nuhi. Da sahen nan, kina nan, na karɓi goron gaisuwar su Hodi. An yi addu'a, an watse."

Bai juya bakinsa ba lokacin da yake faɗa. Yari na kallo. A cikin duk maganganun da aka yi a ɗakin, wannan ce ya samu daga farko har ƙarshe. Munira ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ya tsaya, yana yaƙi da kukan da in ya haɗiye shi zai tafi da maganin.

Hodi ya gyara tsayuwa.

"Allah ya ba shi lahiya, wallahi na tausaya. Amma magana ta riga ta wuce. Ke ma ki duba, Munira. Gida ne za ki yi ta ihu a ciki har tsuhwa? Ko kukan jariri ba shi ji."

Ba ta kalle shi ba. Ta tuna ɗakin littattafai, da maganar da ta tsaya mata a wuya. Yari ya ɓoye ciwonsa don kunya, ita ta ɓoye amsarta don kunya, ga inda abin ya kawo su.

Ta matsa da gwiwa har ta zo inda mahaifinta zai ji ta, Yari kuma zai ga bakinta. Ta janye hijabin daga haɓarta.

"Baba, ka ce ba ka yi mini tilas. Shirun da niy yi ba yarda ba ce, tsoro ne. Ka sake tambayata."

"Munira, an ci goro."

"Ka sake tambayata, Baba."

Makullin ya daina juyawa a yatsan Hodi. Laure ta dafe ƙirji. Malam ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙofar da zai fita ya fuskanci amininsa na shekara da shekaru, mahaifin Hodi. Da ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"Ga Hodi shina nema. Mi kika ce?"

Ta rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda ko gemu ko hijabi ba zai ɓoye su ba.

"Ban yarda ba."

Labule ya kaɗa, takun Hodi ya yi nisa a baranda. Malam ya miƙa hannu yana laluben sandarsa, bai ce ya amince ba, bai ce ya ƙi ba.

Dakta Foluke ta dubi agogo.

"Da saura," ta ce. "Kada ya tashi."

Yari bai tashi ba.